Duwatsunmu Da Jigayinmu: Tarihin Da Ke Ƙarƙashin Sawayenmu

(Jawabin da aka gabatar a wajen taron shekara-shekara na ƙungiya, a Birnin Kudu)



Gabatarwa

Ina godiya ga kwamitin shirya wannan taro da ya ga dacewar a ba tsohon malamin makaranta dama ya sake tsayawa gaban allo, ko da na ɗan lokaci ne. In ana zancen tarihin gari, abin da aka saba ji shi ne jerin sarakuna da yaƙe-yaƙe da ƙaurar kakanni. Yau ina roƙon ku ba ni aron kunnuwanku mu koma baya fiye da haka, mu duba tarihin ƙasar da kakannin suka taka, wato duwatsun da suka kewaye mu da kuma jigayin da jiharmu ta samo sunanta daga gare su.

Abin da ya jawo ni ga wannan magana tambayar wani yaro ce. Wata shekara na kai 'yan aji shida gindin duwatsu don su ga zanen da ke jikinsu, sai ɗaya daga cikinsu ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, wa ya ɗora wancan ƙaton dutse a kan ɗan'uwansa?" Na ce masa ikon Allah ne. Gaskiya na faɗa masa, amma na ga a fuskarsa bai ƙoshi ba, domin shi hanyar da abin ya bi yake son sani. Tun daga ranar nake bin wannan amsa bashi, yau kuma na zo in biya a gaban jama'a. Abin da nake son ku koma birane da shi guda ɗaya ne: waɗannan duwatsu da jigayi rubutaccen tarihi ne da aka ɗauki dubban shekaru, wani ma miliyoyi, ana rubuta shi, kuma a zamaninmu ne aka sami kayan aikin da za su iya share shi cikin yini guda.

Ma'aunin Zamani

Kafin mu shiga bayani, ya kamata mu sami ma'auni, domin in aka ce shekara miliyan kaza, kunne yana ji amma zuciya ba ta kamawa. Mu ɗauka kowane taki guda da mutum zai yi daidai yake da shekara 1,000. Da taki ɗaya tak ka isa zamanin Bagauda, wanda tarihin Kano ya ce ya fara sarauta a shekarar 999. Da taki 21 ka isa tsakiyar Zamanin Ƙanƙara na ƙarshe, wanda za mu yi magana a kansa. Amma kafin ka isa lokacin da duwatsun Dutse suka samu, sai ka yi taki 213,000, tafiyar da ta zarce daga nan zuwa Kano. Ita kuwa duniyar kanta, wadda masana suka ƙiyasta shekarunta da miliyan 4,500 da ɗoriya, sai ka yi tafiya kamar nisan nan zuwa Makka a miƙe. Ku riƙe wannan ma'auni, za mu yi ta komawa gare shi.

Asalin Duwatsunmu

Kudancin Jihar Jigawa yana zaune ne a kan tsohon daɓen dutse, wanda shi ne harsashin mafi yawan ƙasar Hausa. A cikin wannan daɓe akwai dutsen da masana ke kira giranit, mai ɗigo-ɗigon fari da baƙi da ja-ja, wanda mafi yawansa ya kai shekara miliyan 600. Wani masanin duwatsu Bature, J. D. Falconer, wanda ya fitar da littafinsa a kan duwatsun Arewacin Nijeriya a shekarar 1911, shi ne ya lura cewa giranit ɗinmu iri biyu ne, ya kira ɗaya tsoho, ɗaya kuma ƙarami. Har yau da waɗannan sunaye ake amfani.

A cikin dangin ƙaramin giranit ne masana ke lissafa duwatsun Dutse da Birnin Kudu da Shira da Fagam da Kila da Warji da Ningi da Riruwai, har zuwa na Jos. Kowannensu saiwar dutse mai aman wuta ce. A wancan zamani narkakken dutse ya riƙa tasowa daga cikin ƙasa, wani ya fito fili ya yi ambaliya da toka da wuta, wani kuma ya maƙale a ƙasa ya huce sannu a hankali har ya daskare. Da tafiya ta yi tafiya, ruwa da iska suka cinye saman dutsen, suka bar saiwar a fili. Shi ya sa da yawa daga cikinsu, in aka dube su daga sama, suke a kewaye kamar zobe. A cikin irin waɗannan duwatsu ake samun kuza, wadda ta ɗaukaka sunan Riruwai tun kafin zuwan Turawa, ta kuma ɗaukaka sunan Jos bayan zuwansu.

Wani abin sha'awa shi ne, wannan dangi jeri guda ne mai tsawon fiye da kilomita 1,000. Ya faro daga duwatsun Azbin a Jamhuriyar Nijar, ya biyo ta Damagaram da Gure, ya shigo ta wajenmu, ya ƙare a duwatsun Afu da ke Jihar Nasarawa. Kuma shekarunsu suna raguwa ne daga arewa zuwa kudu. Na Azbin sun haura shekara miliyan 400, na Dutse an auna su a kan kimanin miliyan 213, na Afu kuwa kimanin miliyan 141. Ashe zumuncin da ke tsakaninmu da Damagaram har a ƙarƙashin ƙasa yake.

Wa Ya Ɗora Dutse A Kan Dutse?

Yanzu sai mu koma ga tambayar ɗalibina. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. To, haka abin yake ga dutse. Lokacin da giranit yake hucewa, da kuma lokacin da nauyin da ke kansa yake raguwa, yakan tsattsage a tsaye da a kwance, ya zama kamar tubalan da aka jera. Tun yana binne a ƙarƙashin ƙasa ruwan sama ke bin waɗannan tsagogi, yana ruɓar da dutsen a hankali. Kusurwa ita ke fara ruɓewa, domin ta fuska uku ruwa ke cin ta, saboda haka tubali mai kusurwa huɗu yakan koma mulmulalle, kewaye da ruɓaɓɓen dutse mai laushi. Daga baya, sa'ad da zaizaya ta kwashe mai laushin, sai mulmulallun su bayyana a inda suke tun asali, wani bisa wani. Ke nan ba ɗora su aka yi ba, abin da ke tsakaninsu ne aka kwashe.

Bayan sun fito fili ma aikin bai tsaya ba. Duk wanda ya hau fa ya ga yadda bayansa ke ɓarewa falle-falle kamar albasa. Irin wannan ɓarewa da jinginar da wani dutse ke yi a kan wani su ne suka samar da kogunan dutse da inuwowin da mutanen da suka fake a ciki. Haka kuma in falle ko curin dutse ya zauna a kan 'yan wurare kaɗan, sauran jikinsa yana sake, to in an buge shi yakan yi amo kamar ƙarfe. Za mu dawo kan wannan nan gaba.

Na tsaya a kan wannan bayani ne domin a wasu ƙasashe akwai duwatsu masu kama da namu a ido, amma hanyar samuwarsu daban ce. A filayen arewacin Jamus, alal misali, manoma sun daɗe suna cin karo da manyan duwatsu a gonakinsu waɗanda ba su da dangi a yankin. Da aka bincika sai aka tarar asalinsu ƙasar Suwidin ne da maƙwabtanta, ɗaruruwan kilomitoci a arewa, ga kuma teku a tsakani. Abin da ya ɗauko su ƙanƙara ce. Hanyar rarrabewa kuwa mai sauƙi ce: dutsen da ƙanƙara ta kawo baƙo ne a inda yake, kuma sau da yawa akan ga ƙarce-ƙarce a jikinsa da jikin fan da aka ja shi a kai. Namu kuwa jinsinsu ɗaya da daɓen da suke zaune a kai. 'Yan gida ne, ba baƙi ba.

Mene Ne Zamanin Ƙanƙara?

Kalmar ƙanƙara a bakin Bahaushe fuska biyu gare ta, akwai ta ƙyastu da ake fitar da wuta, akwai kuma wadda ke zubowa tare da ruwan sama. Ta biyun nake nufi, wato daskararren ruwa. A shekarar 1837 wani masani ɗan ƙasar Suwizalan, Louis Agassiz, ya tsaya gaban taron masana ya ce akwai lokacin da ƙanƙara ta lulluɓe babban ɓangare na Turai. Da farko an yi masa musu, amma hujjoji suka yi ta taruwa har magana ta tabbata. Yau an san cewa a cikin shekara miliyan biyu da rabi da suka wuce, sanyi da ɗumi sun yi ta karɓa-karɓa sau da dama. Babban abin da ke motsa wannan karɓa-karɓa shi ne 'yan canje-canjen da ke faruwa a hanyar da duniya ke bi wajen kewaya rana da kuma yadda take karkata, kamar yadda wani masanin lissafi ɗan ƙasar Sabiya, Milutin Milankovitch, ya yi bayani.

Sanyi na ƙarshe ya kai ƙololuwa kimanin shekara 21,000 da suka wuce, wato taki 21 a ma'auninmu. A lokacin ƙanƙara ta rufe Kanada da arewacin Amurka da arewacin Turai, kaurinta a wasu wurare ya kai kilomita 3. Saboda yawan ruwan da ya daskare a tudu, teku ta ja baya, ta sauka da kimanin mita 120. A Afirka kuwa ƙanƙara ta tsaya ne a kan manyan tsaunuka, irin su Kilimanjaro da tsaunin Kenya da tuddan Habasha.

Wannan ƙanƙara ba ta sauka a ƙasar Hausa ba. Amma kada mu ɗauka yankinmu na Afirka bai taɓa ganin ta ba. Kimanin shekara miliyan 445 da suka wuce an yi wani zamanin ƙanƙara da ya girmi wannan nesa ba kusa ba. Nahiyoyi suna tafiya a hankali, kuma a wancan lokaci yankin da yake Sahara a yau yana kusa da ƙuryar kudu ta duniya, inda sanyi ya fi tsanani. Masu binciken man fetur ne suka ci karo da shaidar haka a shekarun 1960. Har yanzu a tuddan Jado da ke arewa maso gabashin Nijar, da kudancin Aljeriya da Libiya, akwai falalen duwatsu masu dogayen ƙarce-ƙarce da ƙanƙara ta bari, a wurin da yau zafin rana ke hana tafiya da tsaka. Sai dai wannan ya faru tun duwatsun Dutse da na garinmu ba su samu ba.

Yadda Jigayi Suka Samu

In ƙanƙarar ƙarshe ba ta zo nan ba, to ina ruwanmu da ita? Ruwanmu da ita babba ne, domin ta aiko mana da saƙo, saƙon kuwa fari ne. Daminarmu daga tekun Atilantika take tasowa, iskar kudu maso yamma ce ke ɗauko ta. Da duniya ta yi sanyi, tururin da ke tashi daga teku ya ragu, iskar damina ta yi rauni, ta daina kutsowa arewa kamar da. Ita kuwa iskar arewa maso gabas, wadda muke kira ta hunturu, sai ta ƙara ƙarfi. Itatuwa da ciyayi suka mutu, koguna suka ƙafe, Tafkin Chadi ya janye har ya kusa ɓacewa, bakin Sahara ya gangaro kudu da ɗaruruwan kilomitoci. Rairayi ya sami sake, iska ta yi ta tura shi tana tara shi dogayen kunyoyi, kamar wani ƙaton manomi ya yi huɗa.

Waɗannan kunyoyi su ne jigayi. Duk wanda ya bi hanya ta wajen Jahun da Kafin Hausa da Haɗeja ya san yadda mota ke hawa tudu ta gangara kwari, ta sake hawa ta sake gangarawa. Wanda ke da Google Earth a wayarsa ya buɗe hoton wannan yanki, zai gan su a jere, sun miƙe daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, daidai hanyar da iskar hunturu ke bi har gobe. A shekarar 1958 wani malamin labarin ƙasa na Jami'ar Kambirij, A. T. Grove, ya wallafa bincike a kansu, inda ya bayyana su a matsayin tsohon tekun rairayi na ƙasar Hausa. Binciken da aka yi daga baya, ta hanyar auna tsawon lokacin da ƙwayar rairayi ta yi a binne ba ta ga hasken rana ba, ya nuna cewa rairayin arewa maso gabashin Nijeriya ya yi babban motsi a ƙarshen Zamanin Ƙanƙara, kuma ya sake motsawa a wasu lokutan fari da suka biyo baya.

Saboda haka ranar 27 ga Agusta, 1991, da aka ƙirƙiro jiharmu aka raɗa mata suna Jigawa, sunan abin da Zamanin Ƙanƙara ya bar mana aka ba ta. Arzikinmu na noma ma a kan wannan gado yake. Bisa jigawa muke shuka gero da gyaɗa da wake da riɗi da zoɓo. A kwarurukan da ke tsakani kuwa, inda ruwa ke kwanciya, nan fadamu suke. Kogin Haɗeja da na Jama'are, da suka iso cikin waɗannan tsofaffin kunyoyi, sai suka rarrabu suka bazu a tsakaninsu, aka sami dausayin Haɗeja da Nguru, matattarar shinkafa da kifi da tsuntsayen da ke zuwa daga Turai.

Da Ruwa Ya Dawo

Zamanin Ƙanƙara ya ƙare kimanin shekara 11,700 da suka wuce, ruwa kuma ya dawo fiye da yadda muke gani yanzu. Sahara ta yi kore, ta cika da tafkuna da namun daji. Tafkin Chadi ya batse har faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 350,000, wato ya fi kashi ɗaya cikin uku na faɗin Nijeriya. Tsohuwar gaɓarsa tana nan, ita ce doguwar kunyar rairayi da ta ratsa ta Bama da Maiduguri. A wannan damshi ne ciyayi da itatuwa suka kama jigayi suka ɗaure su, rairayin ya yi ja saboda tsatsar sinadarin ƙarfe da ke jikinsa.

Akwai shaidar wannan zamani a maƙwabciyarmu Jihar Yobe. A shekarar 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a kusa da ƙauyen Dufuna sai ya ci karo da kwalekwale a binne, kimanin mita 5 a ƙasa. Masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Farankfot a Jamus suka tono shi a 1994. Tsawonsa ya haura mita 8, shekarunsa kuma kimanin 8,000, wanda ya sa ya zama kwalekwale mafi tsufa da aka samu a Afirka. Daga kimanin shekara 5,000 da suka wuce ruwa ya sake ja da baya, makiyayan Sahara suka riƙa gangarowa kudu da dabbobinsu suna neman makiyaya.

A garinmu ma makiyayan da sun bar sawunsu, kuma a jikin dutse suka bar shi. A Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu akwai zanen shanu, wasu masu dogayen ƙahoni, wasu masu gajeru. Ku lura da su da kyau in kun je, za ku ga akwai marasa tozo. Shanu marasa tozo su ne suka riga masu tozo zama a Afirka ta Yamma, saboda haka wannan zane yana nuna mana irin garken da aka yi kiwo a nan kafin wanda muka sani ya mamaye ƙasa. A shekarar 1955 Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihi na Jos, ya yi nazarin waɗannan zane-zane, a nan ne kuma ya lura da duwatsun nan masu amo, da ramukan da yawan bugu ya bari a jikinsu. Rubutun da ya yi a kansu ne ya sa masana suka shiga neman irinsu a sauran ƙasashen Afirka. Waɗannan wurare suna cikin jerin kayan tarihi na ƙasa, ƙarƙashin Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979.

Abin Da Ke Cikin Haɗari

Mai girma Shugaba, jama'a, yanzu na zo inda gizo ke saƙa. Abu na farko shi ne fasa dutse. Ba na zargin talakan da ke zaune cikin rana da guduma yana neman abin sawa a bakin salati, kuma na san hanya da gada da asibiti ba sa ginuwa sai da tsakuwa. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, wa ke sayen tsakuwar? Mu ne, musamman 'yan'uwa mazauna birane da ke aiko da kuɗi a gina musu gida a mahaifa. Kowace tifa daga jikin wani dutse ta fito. Dutse ba itace ba ne balle a ce zai yi toho. Abin da aka yi taki 200,000 kafin a same shi, nakiya na iya tarwatsa shi tsakanin azahar da la'asar. Ban da wannan, akwai masu rubuta sunayensu da fenti ko gawayi a kan zanen, da masu hura wuta a cikin kogo, da masu watsa wa zanen ruwa don ya fito sosai a hoto. Duk waɗannan suna kashe shi.

Abu na biyu shi ne jigayi. Jigawa barci take yi, ba mutuwa ta yi ba, kuma abin da ya lulluɓe ta shi ne saiwar gawo da kanya da aduwa da sabara da kalgo da gamba. Dattawan da ke nan sun ga farin 1973 da na 1984, sun ga yadda rairayi ya riƙa binne shuka. Wanda ke son ganin jigawar da ta farka ya je Tulo-Tulowa a Ƙaramar Hukumar Yusufari, gani ya kori ji. Buhunan gawayin da ake lodawa zuwa birane, waɗanda da yawanmu muke saya, daga wannan mayafi ake yanko su.

Abu na uku ya shafi aljihun ƙungiya kai tsaye, wato ruwan sha. A yankin da ke kan daɓen dutse, irin namu, ruwan ƙarƙashin ƙasa yana taruwa ne a cikin ruɓaɓɓen dutsen nan da na ambata da kuma cikin tsagogi. Shi ya sa za a haƙa rijiyar burtsatse a nan a sami ruwa, a matsa kaɗan a haƙa wata a tarar da ƙurar dutse. A arewa maso gabashin jiha kuwa, inda rairayi da laka suka yi kauri, lamarin ya fi sauƙi. Wanda ya san wannan ba zai zuba kuɗin jama'a a rami ba tare da an yi awo ba.

Shawarwari

Na farko, ƙungiya ta kafa ƙaramin kwamiti, tare da iyayenmu sarakuna da ma'aikatan hukumar tarihi, a zagaya a rubuta sunan kowane dutse da kogo da tafki, da abin da tsofaffi suka sani game da shi, a ɗauki hotonsa, tun masu sanin suna raye.

Na biyu, a zauna da masu fasa dutse a ware wuraren da za su yi aiki nesa da wuraren tarihi. Lauyoyinmu su taimaka a nan, domin Dokar Ma'adinai ta 2007 ta keɓe wuraren tarihi daga haƙa, ta kuma wajabta wa mai lasisin fasa dutse ya ƙulla yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin. Shi kuma mai gini ya riƙa tambaya daga ina tsakuwarsa ta fito.

Na uku, kowace makarantar firamare da sakandare ta kai ɗalibanta gindin waɗannan duwatsu ko sau ɗaya a shekara. Kuɗin mota da na ruwan sha ba su fi ƙarfin reshe guda ba. Yaron da aka nuna wa zanen aka yi masa bayani, ba zai girma ya shafa masa fenti ba.

Na huɗu, a cikin tallafin karatu da ake bayarwa a ware gurbi ga masu son karanta ilmin duwatsu da labarin ƙasa da binciken kayan tarihi, a kuma ƙarfafa wa 'ya'yanmu da ke Jami'ar Tarayya ta Dutse da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa da Jami'ar Bayero gwiwa su yi bincikensu a kan gida.

Na biyar, kada a sake haƙa rijiyar burtsatse da kuɗin ƙungiya sai ƙwararre ya auna wurin. Kuma duk wanda ya gina gida a mahaifa ya dasa itace ya raine shi, ya kuma bar tohon gawo da kalgo a gonar gado.

Na shida, mu ɗaga kai mu hangi nesa. Tun shekarar 2015 hukumar UNESCO take ba yankunan da ke da duwatsu masu muhimmanci wani matsayi na musamman, inda ake haɗa kariya da ilmantarwa da yawon buɗe ido don amfanin mutanen wurin. Yankin M'Goun a Maroko da na Ngorongoro-Lengai a Tanzaniya su ne suka fara samun wannan matsayi a Afirka. Tafiyar da nisa, amma sannu ba ta hana zuwa, kuma da rubuta sunayen nan da na ambata a farko ake fara ta.

Kammalawa

Ɗalibin nan da ya yi mini tambaya yanzu magidanci ne, wataƙila ma yana cikin wannan zaure ko yana karanta wannan mujalla a wani birni. In yana ji, to ga amsarsa, ko da ta makara: wuta ce ta dafa dutsen, ruwa ya sassaƙa shi, zaizaya ta tone shi, iskar Zamanin Ƙanƙara ta tara rairayin da ke gabas da arewa da shi, sannan makiyaya suka zo suka zana shanunsu a jikinsa. Mu da muke takin ƙarshe a wannan doguwar tafiya, amana ce a hannunmu.

Roƙona gare ku shi ne, in kun zo hutun Salla mai zuwa, bayan an gama gaishe-gaishe, ku ɗauki yaranku da aka haifa a birni ku kai su gindin Dutsen Habude ko Dutsen Mesa, ku nuna musu, ku bar su su yi tambaya. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

 Inda na yi kuskure a gafarce ni, masana su gyara.